Kada ka ci bashi don sayen babban inji, Alhaji

Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Singa ya rubuto cewa ya fara yin lemo mai gas, ya damƙa haɗin a hannun ƙanensa, amma 'yan sari suna dawo masa da kaya saboda man ɓawon lemo yana taruwa a wuyan gora, gas ɗin kuma yana ficewa kafin mako ya zagayo. Yana tambaya ko ya ci bashi ya sayi babban inji, tunda an ce masa riba tana ninka jari cikin wata uku.

Alhaji, maganar wata ukun nan ka ajiye ta gefe, domin wanda ya faɗa maka ba shi zai biya bashin ba. Kuskurenka shi ne ka bar ƙanenka yana haɗi da ƙiyasi, ba ma'auni a rubuce, alhali wannan sana'a gaba ɗayanta awo ce.

Man ɓawon lemo da ke ba da ƙamshi ba ya narkewa a ruwa sai ɗan abin da bai kai miligiram 20 a lita ba, don haka komai girgizawa zai sake tasowa sama. Kamfanoni suna riƙe shi cikin ruwa da ƙaro, wanda muke da shi a Jigawa da Yobe da Borno, amma sai an auna. Gas kuwa sanyi da matsi yake bi. Idan ba a matse shi ba, lita ɗaya ta ruwa mai sanyin ƙanƙara tana ɗaukar kusan giram 3, a digiri 25 kuma rabin haka, alhali lemon kwalba yana son giram 6 zuwa 8 na gas a kowace lita. Wanda ya ɗura ruwa mai ɗumi a tsohuwar gorar ruwa, a Kanon da zafi ke kai digiri 40 a watan Afrilu, babban inji ba zai cece shi ba.

Na san wani a Sharada da lemonsa ya karɓu sosai, sai ya sami saɓani da ɗan'uwan da ke masa haɗi, yaron ya tafi da sirrin a kansa, masana'antar ta rufe da bashi a wuyan mai ita.

Ka sayi sikeli da ma'aunin zafi da littafi, ka tsaya da kanka a rubuta kowane haɗi. Ka yi gora 50 da sababbin gorori masu jure matsi, ka ajiye su mako biyu a cikin shago, idan sun tsaya yadda suke sai ka nemi rajistar NAFDAC, sannan mu yi maganar inji.