Shokazoba mai tsada ko mai araha? Amsa ga ɗan kasuwa mai a-kori-kura

Tambaya: Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa yana da Hilux da yake kai kaya da ita ta hanyoyin da babu kwalta. Sau biyu ya canza shokazoban baya cikin shekara guda, ga shi kuma bayan motar ya zauna, tana ta lilo. Bakanike ya ce ya sayi irin shokazoban da ke da tankin mai a gefe, waɗanda kuɗinsu ya ninka na sauran nesa ba kusa ba. Yana tambaya ko kuɗin zai fita.

Amsa: Alhaji, kafin ka sa hannu a aljihu, duba sifirin tukuna. Shokazoba ba ya ɗaukar lodi. Sifirin ne ke riƙe nauyin mota, shi kuwa shokazoba aikinsa ya kashe tsallen da sifirin ke yi, ta hanyar matsa mai ta ƙananan ramukan bawul. Tunda bayan motarka ya zauna, alama ce sifirin ya gaji ko lodi ya fi ƙarfinsa. A haka shokazoba yana aiki ne a tsugune, kowane rami sai ya daki ƙarshensa. Ko na zinariya ka saka, kwanansa ƙirgagge ne.

Saboda haka ka loda motar yadda ka saba, ka hau sikelin manyan motoci, ka kwatanta da iyakar nauyin da kamfani ya rubuta a jikin motar ko a littafinta. Irin waɗannan motoci abin da suke ɗauka bai wuce kusan tan 1 ba, kuma har da direba da fasinja a lissafin. In kullum kana kusa da iyakar, sifirin mai ƙarin ganye shi ne farkon sayayya. In kana wuce iyakar, matsalar ba ta kanti ba ce, rage lodi za ka yi.

To, sai nau'in shokazoba. Abin da ke kashe shi a hanya mai gargada zafi ne. Fistin yana hawa da sauka ba hutawa, mai ya yi zafi ya tsinke, ya soma kumfa, daga nan riƙo ya tafi. Shi ya sa za ka ga mota lafiya lau da safe, bayan tafiyar awa ɗaya ta koma rawa kamar kwalekwale.

Mai bututu biyu, irin KYB Excel-G ko Nitrocharger na Old Man Emu, yana da laushi, kuma in dutse ya lotsa bangon waje yakan ci gaba da aiki, don fistin na cikin bututun ciki. Aibinsa bai saurin fitar da zafi. Mai bututu ɗaya, irin Bilstein 4600 ko KYB Gas-a-Just, an raba mai da iskar nitirojin da wani fistin na daban, don haka da wuya ya yi kumfa, kuma zafi na fita kai tsaye ta jikinsa. Amma bango ɗaya ne: lotsawa guda mai kyau, fistin ya maƙale. Mai tanki a gefe, irin wasu na Fox, yana ɗaukar mai da yawa, ana iya buɗe shi a yi masa sabis. An yi shi ne don mai gudu na dogon lokaci a gargada. Ɗan kasuwa mai lallaɓa kaya a ƙaramin giya, a ganina, zai biya kuɗin abin da ba zai mora ba, ga shi sabis ɗin sai ƙwararre mai kayan cika nitirojin. In tafiyarka doguwa ce, mai bututu ɗaya na kirki ya ishe ka. In gajeriya ce mai yawan duwatsu, mai bututu biyu na aikin nauyi ya fi dacewa.

Lissafin kuɗi kuwa, daina kallon farashin kanti shi kaɗai. Haɗa kuɗin kayan, kuɗin aiki, da cinikin da ka rasa a ranakun da mota ke gareji, ka raba da kilomitar da ya yi maka. A ce mai araha kashi ɗaya ne, mai kyau kashi biyu da rabi. In na farko wata 6 yake yi, na biyu shekara 2, cikin shekara biyun nan ka sayi mai araha sau huɗu, ka biya bakanike sau huɗu, mota ta kwana sau huɗu. Ba a ma sa taya ba, wadda mataccen shokazoba ke sa ta ci tabo-tabo. Masu ƙerawa sukan ce a duba canji a wajen kilomita 80,000, amma wannan zancen kwalta ne, kada ka gina kasafinka a kai. Rubuta lambar mita ranar da aka ɗaura, ita za ta gaya maka gaskiya.

Wajen saye, je da lambar jikin mota da shekararta, ba suna kawai ba. Duba kan shokazoban, zobe ne ko sanda mai noti, sannan tsawonsa a miƙe da a matse. In an ɗaga motar ko da santimita 5 ne, na asali ya yi gajere, zai riƙa fizgar mazauninsa har ya tsage. In ya yi tsawo, zai daki ƙarshensa kafin robar tsayawa, wadda ke tare gatari, ta taɓa, ko ya bar gatari ya sauka har tiyon birki ya miƙe. Jabu ya yi yawa a manyan sunaye, don haka lambar da ke kwali ta zo daidai da wadda aka buga a ƙarfe, ka kuma karɓi rasit mai garanti. Karanta sharaɗin, wasu garantin ba ya hawa kan motar haya ko ta kasuwanci. Na hannu kuwa, ban ba ka shawara ba, ido ba ya ganin bawul.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. A canza biyu tare, hagu da dama, da sababbin bushin, wato robobin mazauninsu. Mai bututu biyu a tsayar da shi a miƙe, a matsa a saki sau huɗu ko biyar kafin a ɗaura. Kada a kama sandar fistin da filaya, ƙarzanewa kaɗan tana yanka sil, robar da ke tare mai, sai ya soma tsiyaya. Notin bushin kuma sai an sauke mota daga jak ta tsaya a kan tayoyinta a ɗaure shi ƙarshe, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage cikin makonni. Na gaba mai naɗaɗɗen sifirin a jiki yana buƙatar na'urar matse sifirin, kuma a yi saitin tayoyi bayan an gama.

Bayan kilomita 500 na farko a sake bin notuna. Daga nan, duk ka dawo daga hanya mai gargada, kai bayan hannunka kusa da kowane shokazoba a hankali, don yana iya ƙuna. Mai aiki zai yi ɗumi. Wanda ka tarar da sanyi alhali 'yan'uwansa na da zafi, ya riga ya mutu ko da bai zubar da mai ba. Ɗan danshin da ƙura ta manne a kai ba komai ba ne, amma mai da ya gangaro har ƙasan bututu, wannan na canji ne.