Maki 168 a JAMB: ko ƙaramar jami'ar kuɗi za ta ɗauki 'yata?

Tambaya: Ni manomin shinkafa ne a Argungu. 'Yata ta ci maki 168 a JAMB, tana son karatun jinya, jami'ar gwamnati ba ta ɗauke ta ba. An ce in gwada ƙaramar jami'a mai zaman kanta. Za su ɗauke ta? Kuma nawa zan tanada?

Amsa: Malam, Allah ya yi wa yarinya albarka. Shiga jami'ar kuɗi ba shi da wuya sosai, domin yawancinsu ɗalibai suke nema. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa jami'o'i 150 ne cikin 400, ka ga ta haye. Sai dai jinya daban take. Hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗalibai, shi ya sa makin sashen kan zarce na sauran. Kuma sai tana da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji.

Abin da ya fi damuna shi ne ta fita da takardar da za ta yi mata amfani. Jami'o'i irin su Rayhaan ta Birnin Kebbi da Huda ta Gusau a 2023 suka samu lasisi, kuma sabunta ba aibu ba ce. Amma lasisin jami'a daban, amincewa da kwas daban. Ka je da ƙafarka ofishin rajistara, ka ce a nuna maka takardar amincewar NUC, wato hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, da ta hukumar jinya a kan wannan kwas ɗin. Ka leƙa ɗakin gwaji, ka tambayi asibitin da ɗalibai ke zuwa koyon aiki. In aka fara yi maka kwana-kwana, ka ja 'yarka ku tafi.

Kada kuma ka biya ko sisi sai ta canja zaɓin makaranta a JAMB, gurbin ya fito a CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, ta karɓa da kanta. Wanda aka ɗauka ta bayan gida yakan gama karatu a rasa sunansa lokacin bautar ƙasa.

Maganar kuɗi: digirin jinya shekara 5 ne, don haka lissafin shekara 5 za ka yi. Abin da ke jikin takardar talla sau da yawa kuɗin makaranta ne kawai. Akwai kuɗin karɓar gurbi, ɗakin kwana, abinci, yunifom, kuɗin zuwa asibiti, da na rajista da jarrabawar hukumar jinya. Ka nemi jadawalin duka a rubuce, ka tambaya ko ƙarin kuɗi na shafar tsofaffin ɗalibai. Bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, kuwa na ɗaliban makarantun gwamnati ne, kada ka sa shi a lissafi. Tunda kuɗinka sai an yi girbi yake shigowa, ka nemi a yarda ka riƙa biya kashi-kashi, ka kuma ji ko suna hana mai ragowar bashi zama jarrabawa.

Ni a ganina, in shekara ɗaya ta ambaliya a fadama za ta iya tsayar da karatun nan, gara ta nemi kwalejin jinya ta jiha da ke Birnin Kebbi, ko ta sake JAMB baɗi. In ta samu rajistar jinya daga kwaleji, tana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, tana aiki tana taimaka maka da kuɗin.