Amsa: me ya sa babu zango na biyu na Caprica?

Ɗan'uwa, ka ce ka nemi zango na biyu na Caprica, shirin talabijin ɗin nan mai dogon zango, ka rasa. Kada ka wahalar da kanka, ba a taɓa yin sa ba. Tashar Syfy ta Amurka ta fara haska shirin ranar 22 ga Janairu 2010, labarin da ya faru shekara 58 kafin labarin wani shirin mai suna Battlestar Galactica. A watan Maris aka tafi hutu, sai Oktoba aka dawo. Wata shida fa! Kafin nan masu kallo sun watse. Ranar 27 ga Oktoba aka soke shi, saura kashi biyar ba a nuna ba. Tashar Space ta Kanada ce ta fara nuna su, Syfy kuwa ta zubo su duka a rana ɗaya, 4 ga Janairu 2011. Wallahi abin ya yi mini ciwo, domin a waɗannan biyar ɗin ne labarin ya kankama.