Amsa ga Kawu kan cin jimina da yadda muke yankata a nan Cape Town

Assalamu alaikum Kawu, Allah ya ƙara girma da lafiya, ya kasuwa ya iyali, a gaida min su Inna da yara duka. Saƙon muryarka ya iso, naji kana tambaya wai da gaske ne mu Hausawan da ke zaune a Afirka ta Kudu muna cin naman jimina, kuma in haka ne a ina ake sa wuƙa a wannan dogon wuyan, sannan kace ka ga hoton naman ja jawur kamar jini bai fita ba. Toh tunda kai mutumin fawa ne tun tasowa bari in rubuta maka a tsanake, don tambayar ba ta wasa bace, mu ma nan mun sha zama a kanta.

Muna ci Kawu, kuma halal ce. Imam Malik ya ce abinda ya daɗe yana ji shine mai harami in ya kashe jimina fansarsa raƙumi ne, kaga kenan an lissafa ta cikin naman farauta da ake ci. Layya dai ba a yi da ita duk girmanta, wannan sai raƙumi da saniya da tumaki da awaki, don haka ranar babbar sallah rago muke nema kamar kowa.

Jiminar da muke samu daga wajen Oudtshoorn take zuwa, wani gari a yankin Klein Karoo mai tafiyar kilomita 400 da wani abu daga nan, can ne cibiyar kiwonta a duniya. Kuma abinda zai baka mamaki akwai hannun ƙasarmu a ciki, a 1911 gwamnatin nan ta tura wani Bature Russell Thornton da mutanensa har wajen Kano neman irin jiminar arewa saboda kyan gashinta, wanda dama fatake ke kaiwa Tarabulus ta hamada, suka dawo a 1912 da sama da guda 100, ba a jima ba a 1914 kasuwar gashin ta karye. Yanzu nama da fata ne kuɗin. Ni abin yana min ciwo in na tuna cewa gashin da ake yi wa Sarkin Kano figini da takalmi da shi, mai gashin da wuya ka gan ta a dajinmu yanzu, a Nijar ma sai a killace ake kiwon ragowar a Kelle wajen Gure don kada irin ya ɓace.

Yanzu maganar wuya. Wuyan babbar jimina ya kai kamar mita 1, gaɓoɓin ƙashinsa wajen 17 ne alhali na rago da saniya 7 ne, kuma jijiyoyin jinin ba a shimfiɗe suke yadda ka saba gani a rago ba. Manyan jijiyoyi biyu da suke ɗauko jini daga zuciya su kai wa kai, da sun baro ƙirji sai su nutse ciki su haɗu a tsakiya su bi wani kwari da ke jikin ƙashin wuyan ta gaba, tsoka ta rufe su, a haka suke tafiya kusan duk tsawon wuyan sai dab da kai sannan su fito su rabu dama da hagu. Ma'ana wanda ya sa wuƙa a tsakiyar wuya zai iya yanke maƙogwaro da hanyar abinci tsaf amma waɗannan biyun suna nan lafiya a ƙarƙashin tsoka suna ci gaba da kai jini ƙwaƙwalwa, tsuntsuwa ta daɗe tana shan wahala, wannan kuwa ba kyautatawa bane kuma an umarce mu da kyautata yanka. Shiyasa ake yanka a sama, ƙasan muƙamuƙi da kaɗan, inda komai ya taru wuri ɗaya kusa da fata.

Su kuma jijiyoyin da ke dawo da jini daga kai, waɗanda suke gefe da gefe a ƙarƙashin fata, ba girmansu ɗaya ba. Ta dama ce babba, ita likitocin dabbobi ke nema in za su ɗebi jini, ta hagu siririya ce ƙwarai har mai gaggawa zai iya tsallake ta bai sani ba. Wannan ya dame mu mu musamman, saboda a mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗi ne a yanke maƙogwaro gaba ɗaya da jijiyoyin wuya guda biyu, ta gaban wuya, ba tare da ɗage hannu ba sai an gama, kuma zakaran wuya ya tafi ɓangaren kai. Zakaran wuyan jimina can sama yake dab da tushen harshe, don haka in ka sauko yatsu kaɗan daga muƙamuƙi ka bar shi a wajen kai ba matsala, amma dole wuƙar ta ratsa daga gefe zuwa gefe sosai don ta hagun nan ta samu, ga fatar wuyan tana da saki tana zamewa a hannu, sai an kama an ja ta da kyau.

Anan ne muka bambanta da maƙwabtanmu. Musulmin Cape tsofaffi ne a ƙasar nan, tun zamanin da Turawan Holan suka kawo Shehu Yusuf na Makassar, wani malami daga ƙasar Indonesiya ta yanzu, a 1694, masallacinsu na farko Auwal da ke unguwar Bo-Kaap a nan Cape Town tun 1794 yake, kuma mafi yawansu Shafi'iyya ne. A wajensu abinda ya zama dole shine maƙogwaro da hanyar abinci, jijiyoyin biyu mustahabbi ne, sannan duk abinda ke da dogon wuya kamar raƙumi da jimina da dinya sun fi son a soke shi a gindin wuya inda ya haɗu da ƙirji. Mu kuwa malaman Malikiyya sun faɗa ƙarara cewa tsuntsu ko da jimina ce yankawa ake yi, in aka soke ta irin sukar raƙumi ba a ci. Kaga abu ɗaya, a wajen wani shine mafi kyau a wajen wani kuma ya ɓata naman. Bamu taɓa ce musu mushe suke ci ba Kawu, kuma ba za mu faɗa ba, mutane ne masu riƙo da addini, a masallatansu muke sallah, wasu daga cikinmu ma sun auri 'ya'yansu, suna kan maganar malamansu muna kan ta namu. Abinda muke yi kawai shine mu tambaya yadda aka yi kafin mu saya.

A manyan mayankan jimina abinda aka saba shine a sa mata wani ƙyalle a kai ya rufe idon don ta natsu, saboda shurin jimina gaba take yi kuma farcen babban yatsanta yana iya farke cikin mutum, sai a sumar da ita da lantarki a kai, a rataye, mayanki Musulmi ya yi bisimilla ya yanka a sama ƙasan kai, bayan nan a wurare da yawa sai a ƙara suka a gindin wuya a kan manyan jijiyoyin da ke dab da zuciya don jinin ya zubo da sauri ya fita da yawa. Malaman da muke komawa gare su a nan sun ce abin lura shine wanne aka fara, in yankan sama ya riga kuma ya cika sharaɗi toh ta riga ta halatta, sukar da ta biyo baya bata haramta ta ba ko da ba a son a yi wa dabba wani abu kafin ranta ya gama fita, kamar dai wanda ya zarce da wuƙa har ya cire kai, ya munana amma ana ci. In kuwa sukar ce farko mu mun haƙura da naman. Maganar lantarki ita ce har yau bamu haɗu a kanta ba, akwai dattawa a cikinmu da basa cin duk abinda aka sumar ko da hukumar halal ta buga tambari, ni dai ina tare da masu cewa a duba alamar rai, in an yanka jini ya yi tsartuwa da ƙarfi toh zuciya na bugawa kenan tana da rai, wanda ya mutu kafin wuƙa jininsa tsiyaya kawai yake yi. Kuma duk wanda ya taɓa riƙe jimina mai kilo 100 tana fizga zai gane dalilin da ya sa ma'aikata ke son a sumar da ita.

Ita zuciyar kanta kuwa abin kallo ce wallahi, da kana nan da na sa maka ita a hannu. Ta babbar jimina tana kusan kilo 1, ɗakuna 4 ne da ita kamar ta rago, bangon ɗakin hagu na ƙasa kauri gare shi sosai don shi ke tura jini duk jiki har ya hau wancan dogon wuyan. Amma in ka tsaga ɓangaren dama za ka ga bambanci, a rago murfin da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa fata ce siririya da wasu zaruruwa suka riƙe, a jimina tsoka ce guda mai kauri ba zare ko ɗaya, haka yake a duk tsuntsaye har kazar gidanka sai dai ta kaza ta yi ƙanƙanta ba a lura. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ma a dabbobi irin su saniya hagu take lanƙwasawa, a tsuntsu dama take yi. Sannan babu wannan shamakin tsokar da ya raba ƙirji da ciki a rago, don haka tsinin zuciyar a tsakanin ɓangarorin hanta biyu yake zaune, ƙashin ƙirji ya rufe ta ta ƙasa kamar faifai, shimfiɗaɗɗe ba shi da tsinin nan na ƙirjin kaza, tunda bata tashi sama ba ta da tsokar ƙirji da za ta manne a wurin. Kar ka nemi maɗaciya a jikin hantar, Allah bai yi mata ba.

In tana hutawa bugun zuciyar a hankali yake, kamar 30 zuwa 60 a minti ga babba, amma wannan zuciyar ce ke ɗaukar tsuntsuwar da ta haura mita 2 da rabi a tsayi ta yi gudun kilomita 70 a awa, kuma ba gudun ɗan lokaci ba tana iya jurewa. Anan amsar jan naman take Kawu. Duk naman jimina a cinya da ƙafa da baya yake, tsokar aiki ce wadda ƙananan jijiyoyi suka cika kuma tana ɗauke da sinadarin da ke riƙe iska a cikin tsoka, shi ke ba nama launin ja, shi ya sa na saniya ja ne kuma cinyar kaza ta fi ƙirjinta duhu. Ko ka tsiyaye jinin tas naman zai zauna ja, don haka jan da ka gani a hoto ba shaidar mugun yanka bane. Alamar jinin da bai fita ba daban take kuma ka fi ni saninta, jijiyoyi a cike, ɗigon jini a cikin tsoka, nama ya yi saurin wari.

Akwai wani abu kuma da masu kiwo ke kula da shi, jinin da ya dawo daga ƙafafu wani kaso nasa sai ya bi ta cikin ƙoda kafin ya koma zuciya, shiyasa likitoci ke taka tsantsan da allurar da za a yi a cinya, ga shi kuma cinyar ce naman sayarwa ba a son a ɓata ta. Da zafi kuma za ka ga ta buɗe fukafukai ta bar cinyoyi da gefen jiki tsirara, wuraren ba gashi, jini ya zo kusa da fata iska ta sanyaya shi, tana haki da baki buɗe. Jan wuyan namijin jiminar arewa irin tamu yana ƙara turuwa lokacin barbara saboda jinin da ke cika fatar, ta nan kudu wuyanta toka toka ne.

Tunda ka ce wani abokinka na son gwada kiwonta a gida, ka faɗa masa jijiyoyin nan suna da rauni ta wani gefen, ana samun matasan jiminu babbar jijiyar zuciya ta fashe su faɗi matattu nan take, kuma likitoci sun danganta hakan da ƙarancin sinadarin tagulla a abinci, sannan kora da guje guje wajen kamu yana lalata tsokarta har ta mutu daga baya. A nan ana yanka su suna wata 10 zuwa 14, nauyi wajen kilo 90 zuwa 100.

Mu dai yadda muke yi a gidajenmu, mafi yawa a shagon naman halal muke saya bayan mun tambayi tsarin yankan, matanmu sun fi son wuyan don farfesu, yana son wuta a hankali har naman ya saki ƙashi, mutanen nan ma haka suke dafa shi a tukunyar ƙarfe. Cinyar muke yi wa tsire da kilishi, kilishin ma ya fi kyau da ita tunda ba kitse a cikin tsokar, amma a tsire dole a shafa mai sosai kuma kar a bar shi ya daɗe a wuta in ba haka ba ya bushe ya yi tauri. Zuciya da ƙundu ba kullum ake samu a shago ba sai an yi magana da mai naman tun da wuri ya ajiye maka, zuciyar muna yanka ta siriri siriri mu gasa da yaji, ƙundun kuwa sai an wanke duwatsun da ta haɗiya sannan a tafasa shi ya jima kafin a soya.