An yi min odar kada in kusanci matata, zan iya ɗaukaka ƙara?

Tambaya: Salamu alaikum Barista. Ni mutumin Argungu ne, mun samu saɓani da mai ɗakina ta tafi gidansu, sai ga takarda daga kotu wai kada in je ƙofar gidan, kada in kira ta a waya. Ban ma san an yi zama ba. Zan iya yin afil?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Za ka iya, amma kafin ka kashe kuɗinka ɗauko takardar nan ka duba ƙasanta kusa da hatimi, in ka ga an sa ranar da za ka bayyana to odar wucin gadi ce, irin wadda alƙali ke bayarwa bayan ya ji ɓangare ɗaya don gudun kada wani abu ya faru kafin a zauna. Wannan ba afil take buƙata ba tukuna, zuwa take buƙata. Ka je ranar da shedunka ka faɗi naka, sashe na 36 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ka haƙƙin a saurare ka. Kana kuma iya roƙon kotun da ta yi odar ta janye ta ko ta sassauta, misali a ba ka ranar ganin yara a gidan wani dattijo.

In kuwa an ji ku duka an tabbatar da ita, sai a duba wace kotu ce. Ta majistare, babbar kotun jiha za ka. Ta shari'ar Musulunci kan aure ko riƙon yara, daga ƙarama sai ofa, wato babbar kotun shari'a (Upper), daga ofa sai kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Birnin Kebbi, gaba da nan sai ta tarayya da ke Sakkwato. Lokaci ne ke cin mutane, a ƙananan kotuna yawanci kwana 30 ne, don haka gobe ka je wurin rajistara ka tambayi wa'adin, ka biya kuɗin kwafin shari'a ka riƙe rasit. Kotun sama ba sabuwar shari'a za ta yi ba, wannan kwafin za ta karanta ta ga ko alƙali ya yi kuskure, kamar rashin kai maka sammaci.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan, don Allah ka ji ni: shigar da afil ba ya dakatar da oda. Tana nan daram har sai kotu ta ce ta tsayar. A dokar VAPP ta tarayya ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, karya irin wannan oda na jawo tarar da ta kai N300,000 ko ɗaurin da ya kai wata 6 ko duka biyu. Na sha ganin mai gaskiya a hannu ya ɓata lamarinsa da saƙon murya ɗaya na WhatsApp da tsakar dare, ko ya tura gwaggonsa biko alhali takarda ta hana aike, sai a kunna wayar a gaban alƙali. Kuma in har hannunka ya taɓa kai wa jikinta, faɗa wa lauyanka gaskiya tun yanzu, ita ma tsoro ne ya kai ta kotu.

Kuɗin abincin yara kada ka tsayar, ka riƙa bayarwa ta hannun kotu ana rubutawa. In babu halin ɗaukar lauya, je ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke taimaka wa marasa hali da lauya, a Birnin Kebbi da takardar a hannunka.