Amsa ga 'yar uwar da maigidanta ya yi wa dariya a kan Tom and Jerry

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi tun da safe na ga tambayarki, na karanta na ajiye wayar na sake ɗauka, don kamar labarina kika zauna kika rubuta. Kin ce maigida ya shigo da abokinsa ya tarar da ke a falo ke kaɗai kina ƙyaƙyata dariya kina kallon Tom and Jerry, ya ce a gaban baƙo wai ga uwar 'ya'ya huɗu ta koma 'yar firamare, kika ji kamar ƙasa ta tsage ki shige, shi ne kike tambaya ko akwai abin da ke damunki, kuma me ya sa na da ɗin suke sa ki dariya har da hawaye amma waɗanda yara ke kallo a waya yanzu ko murmushi ba sa sa ki.

Lafiyarki ƙalau. Ni ɗin nan na ba arba'in baya, har jika gare ni, kuma ko daren jiya sai da na kalli guda uku kafin na kwanta.

Ni a wurin Babanmu na gada, Allah ya jiƙansa. Hatsi yake sayarwa a Zariya, mutum ne da ko kalma ɗaya ta Turanci bai sani ba, kuma bai da fara'a sosai, in ya shigo gida kowa kama kansa yake. Da ya je aikin hajji sai ya dawo da bidiyo da kaset guda ɗaya na katun ɗin nan, ya ce na yara ne. To na yaran sai ya zama nasa. Bayan isha'i in akwai wuta zai ce a sa masa Muzuru da Ɓera, sunan da ya sa musu ke nan, har ya rubuta a jikin kaset ɗin da ajami da hannunsa. Kuma abin dariyar shi ɓangaren Tom yake, saboda ɓarnar da ɓeraye ke yi masa a buhunan gero, kina ji zai miƙe daga kishingiɗe yana cewa kama shi! kama ɗan banza ɓarawo! Mu yara duk muna bayan Jerry, shi kaɗai yana bayan mage. Yakan ce muzurun nan aikinsa yake yi, in bai kama ɓera ba matar gidan za ta jefa shi waje da tsintsiya, shi kuwa ɓeran sata yake a firjin mutane sannan ya zo yana rangwaɗa. Umma ta ce ai Alhaji in ɓera da sata daddawa ma da wari. A duniya ban taɓa ganin haƙoran Baba duka a waje ba sai a gaban kaset ɗin nan, dariya yake har hularsa ta faɗi, yaran maƙwabta sun cika taga.

Da ya rasu aka zo rabon 'yan kayansa babu wanda ya kula da kaset, ni na ɗauka, da aka kai ni ɗakin miji a 2003 yana cikin akwatina ƙarƙashin atamfofi. Gidan gandu aka kai ni, muna tare da yayan maigidana da matarsa. To wannan facalar tawa, Allah dai ya yafe mana baki ɗaya amma har gobe in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. Tun ranar da ta leƙo ta gan ni ina kallo ta samu abin yi, amaryar katun take kira na, ta gaya wa dangin miji kaf, ranar wani suna ina raba abinci ta ce a gaban mata a yi sauri a sallame ni lokacin shirin yara ya yi. Na shanye. Na je gida wankan haihuwar fari, na dawo na buɗe durowa babu kaset. Na duba ko'ina, na zazzage akwati, na ɗaga katifa. Sai can da yamma ta aiko yarinya da shi, wai ta ara. 'Yar uwa, ashe bikin ƙanwarta aka yi ta ji ƙyashin sayen sabon kaset, ta ɗauki nawa ta ba mai ɗaukar bidiyo ya kwafa mata bikin a kai. Kin san kaset yana da wani ɗan harshe a gefe da ake karyawa don kada a yi rikodin a kansa, Baba da kansa ya karya nasa, to salatif suka liƙa a ramin. Sai da suka zauna suka liƙa salatif! Ba kuskure ba ne, ba rashin sani ba ne. Sannan ta manna takarda a kan rubutun Baba ta rubuta sunan amarya da ango da jan biro.

Na sa a bidiyo hannuna na rawa, maimakon zakin nan mai gurnani da ke buɗe katun ɗin sai ga mata suna liƙi a wurin kamu. Na yi kuka ranar kamar ranar aka yi rasuwar. Da maigidana ya yi mata magana cewa ta yi wai ita ba ta san babbar mace za ta yi kuka a kan mage ba, uwar mijina ma ta ce haba ke kuwa, abin yara. Babu wanda ya gane, kuma ni ma ban iya bayani ba, ta ya zan ce musu ba magen nake wa kuka ba. Ko haƙuri ba ta ba ni ba, har yau ɗin nan da nake rubutun nan, shekara ashirin da wani abu. Kuma don ƙarin cin fuska sake karɓe kaset ɗin ta yi, ta ce in sun gama kallo za ta dawo min da shi, kamar akwai sauran abin da zan yi da bikin ƙanwarta. Kai, bari dai in bar maganar nan.

Abin da ya sa na kawo miki shi ne daga nan na shiga neman irin na kaset ɗin, kuma a nan na gane amsar tambayarki ta biyu, wato Tom and Jerry ba iri ɗaya ba ne duk da suna ɗaya ne. Na sha asarar kuɗi a kan faifan sidi, a ce miki shi ne ki zo gida ki ga wani abu daban. Sai da yarona ya girma ya riƙa binciko min a intanet sannan na fahimta. Na asalin, waɗanda ke kashe mu da dariya, mutum biyu ne suka yi su a kamfanin MGM a Amurka, William Hanna da Joseph Barbera, daga 1940 zuwa 1958, guda 114, kowanne wajen minti bakwai. A na farkon ma sunan magen Jasper ne ba Tom ba, kuma da ƙafa huɗu yake gudu kamar magen gaske. Kuma ki gaya wa maigida wannan, ba don talabijin ɗin yara aka yi su ba, a silima ake nuna su kafin a fara babban fim, manya da kuɗinsu suke zama su kalla, har lambar yabo ta Oscar sun ci sau bakwai. Alamar da za ki gane su cikin sauƙi, ki duba rubutun farko, yawancinsu za ki ga sunan Fred Quimby ɓaro-ɓaro, shi ne shugaban sashen, ba ya zane amma shi ke zuwa karɓar kyautar, kin ga kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba a ƙasarmu aka fara ba.

Da kamfanin ya rufe sashen katun a 1957 sai daga baya aka ba wani Gene Deitch ya yi guda 13 a birnin Prag a 1961 da 1962, su ne masu wani irin sauti kamar a cikin rijiya, ga wani ƙaton mutum mai jan fuska da ke jibgar Tom dukan mugunta, ni tausayi suke ba ni ba dariya ba. Sai na Chuck Jones guda 34 daga 1963 zuwa 1967, Tom mai kaurin gira, Jerry mai manyan kunnuwa, waɗannan da dama-dama. Amma na 1975 da aka yi wa talabijin, inda suka zama abokai Jerry ya ɗaura jan ƙyalle a wuya, Allah ya kiyaye, an mai da Tom kyanwar Lami ba cizo ba yaƙushi. Har wani fim aka yi a 1992 suna magana da baki suna waƙa, minti goma na yi na kashe.

Don ni a ganina daɗin abin duk a rashin maganar yake. Shi ya sa Baba da bai je boko ba yake ganewa sarai, ba ya buƙatar tafinta. Kiɗan ne ke magana, wani Scott Bradley ne ya tsara kusan dukkansu, kowane ɗaya da nasa kiɗan da makaɗa na gaske suka buga, in Tom yana sanɗa kiɗan na sanɗa, in ya gangaro daga bene kiɗan ya gangaro tare da shi. Ki gwada kashe sautin ki gani, rabin dariyar ta tafi. Ihun nan kuma da Tom ke kurmawa in tarko ya kama masa jela, muryar Hanna ce da kansa. Sannan sun san jira. Dutsen guga ya faɗo masa a ka, ba nan take ake wucewa ba, sai an bar ki kin ga fuskar ta koma siffar dutsen gugar, ya ɗan kalle ki da idon nan na na-shiga-uku, sannan ya zube. Wannan ɗan jiran shi ne na yanzu ba su da shi, komai a guje, surutu kamar kasuwa. Kuma da hannu aka zana, dubban zane a kan minti bakwai, shi ya sa jikinsu ke da nauyi, in ya daki bango har ke sai kin ji a jikinki.

Ki nemo The Cat Concerto na 1947, inda Tom ya sha kwat yana kaɗa fiyano a gaban jama'a Jerry na barci a cikin fiyanon, a ƙarshe Tom ya galabaita riga ta yayyage, ɓera ya fito ya karɓi tafi. In kin taɓa yin girkin biki tun asuba wata ta zo da azahar aka yaba mata, za ki gane wannan. Ni yanzu da na girma na koma layin Baba, Tom nake tausayi, kullum da sabuwar dabara, kullum a kansa take ƙarewa, gobe kuma ya tashi ya sake. Sai Quiet Please na 1945, karen nan Spike yana son barci ya ce in aka tashe shi sai ya feɗe Tom, Jerry ya hau jefo ƙwan fitila ɗaya bayan ɗaya Tom na cafewa, duk wadda ta taɓa lallaɓa jariri ya yi barci a gidan yawa ta san wannan tashin hankalin.

Maganar maigida kuwa, kar ki tsaya musu da shi, kuma kar ki fara ɓoyewa kina kallo kamar mai laifi, ni na yi wannan shekara da shekaru ina rage murya in na ji takun facalata, ban ga abin da ya ƙara min ba. Ki dai same shi ku biyu ki ce masa maganar gaban baƙo ta yi miki ciwo, don ita ce matsalar ba katun ba. Sannan wata rana yana cin abinci ki sa Pecos Pest na 1955 ki yi kamar ba don shi ba, wanda kawun Jerry ya zo da jita, duk sanda tsirkiya ta tsinke sai ya je ya tumɓuke gashin bakin Tom ya ɗaura. Nawa maigidan da wannan na kama shi, sai da ya ƙware da ruwa.

Yara kuma ki riƙa zama da su, kar ki miƙa waya ki tafi. Autana yana shekara huɗu ya taɓa ƙwala wa yayarsa ludayi a ka yana jiran ya ga ƙulun nan ya fito ya mai da shi da yatsa, sai da na zaunar da shi. Akwai Blue Cat Blues na 1956 da ya ƙare su biyu zaune a kan layin dogo jirgi na tahowa, wanda ake ta yawo da shi a Facebook wai shi ne na ƙarshe sun kashe kansu, ƙarya ne an ci gaba da yi bayansa, amma dai ba na ƙananan yara ba ne, ki tsallake. Sai matar nan baƙa mai silifas da tsintsiya da kusan ba a nuna fuskarta, muna yara mun ɗauka mai gidan ce har muna cewa kamar Goggo, ashe hoton 'yar aiki ne irin yadda ake zana baƙaƙen fata a Amurka a lokacin don raini, shi ya sa a wasu kwafin za ki ga an canza mata murya ko an yanke wurin. Manyan yaranki ki gaya musu, gara su ji daga bakinki.

Af, kaset ɗin yana nan fa a wurina, sai da aka yi wata biyu ta dawo da shi. Na jiƙa takardarta da ruwan ɗumi na ɓanɓare a hankali, rubutun Baba ya fito rabi, Muzuru ya tafi saura Ɓera. Kuma bikin bai cinye zaren duka ba, bayan an kai amarya hoto ya yi tsartsatsi sai ga kamar minti biyu na ƙarshen wancan mai jitar, daidai inda kawun ya miƙo hannu ta cikin talabijin ya cire gashin bakin da ya rage. Bidiyonmu ta mutu tun tuni. Don Allah in akwai wanda ya san mai mayar da kaset zuwa filashi a Zariya ko Kaduna ya yi min magana ta inbos, minti biyun kawai nake so, bikin ya bar mata abinta.