Yawan ambaton mai bincike shi ne ma'aunin iliminsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni likita ne, ina shirin ƙwarewa a fannin cututtukan jini. Na duba shafukan wasu farfesoshi biyu a Google Scholar, shafin intanet da ke tattara maƙalolin masu bincike: an ambaci ayyukan ɗaya sau dubbai, ɗayan kuwa 'yan ɗaruruwa, alhali na biyun ne kullum a ɗakin masu sikila. Shin na farkon ya fi ilimi ne? Wa ya kamata in bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Likita. Lambar da ka gani tana ƙirga abu ɗaya ne: sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da maƙalar mutum a nasu rubutun. Kusa da ita akwai ma'aunin h, wanda wani masanin kimiyyar fiziks a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro a 2005. Idan ma'aunin mutum 20 ne, yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Amfaninsa shi ne maƙala ɗaya mai farin jini ba ta isa ta ɗaga mutum ba, sai ya daɗe yana aiki.

To amma lambar tana da makanta. Tana son tsoho, domin ambato taruwa yake da shekaru. Tana son maƙalar da ta tattara binciken wasu fiye da wadda aka sha wahala da marasa lafiya kafin a rubuta. Akwai manyan rahotannin duniya masu marubuta ɗaruruwa, kowa a cikinsu yana kwasar ambaton gaba ɗaya, ko da jadawali ɗaya ya cike. Wani kuma kansa yake ta ambata. Har maƙalar da ake ambata don a ƙaryata ta, ita ma ƙirga mata ake yi.

Bari in kawo maka misali daga fannin da kake son shiga. A 1998 Robert Adams da abokan aikinsa suka wallafa gwajin STOP. Sun ɗauki yara 130 masu amosanin jini waɗanda na'ura ta nuna jini na gudu da ƙarfi fiye da kima a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu, alamar suna dab da shanyewar ɓarin jiki. Ƙarin jini a kai a kai ya rage wannan haɗari da kusan kashi 90 cikin 100. Maƙala ce da aka ambata ba adadi, kuma ta cancanta. Sai dai ka san halin da muke ciki. Uwa ta taho daga ƙauye da yaro a goye, an ce a nemo jini, dangi sun bayar watan jiya, wannan watan wa zai bayar? Ga kuɗin gwaji, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jikin yaron saboda yawan ƙarin jini, shi ma da nasa maganin mai tsada. A Najeriya, inda ake haifar jarirai wajen 150,000 da sikila kowace shekara, ƙarin jini duk wata ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Wannan ne ya sa nake girmama gwajin SPRING, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka yi tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, aka wallafa shi a 2022. Yara 220 ne masu irin wannan alamar, aka ba wasu maganin hydroxyurea miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu kullum, wasu miligiram 20. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin kashin biyu wajen shanyewar jiki, wato ƙaramin kason ma abin dogaro ne. Ƙwaya ce da uwa za ta ba ɗanta a gida da safe. In ka jera maƙalar SPRING da ta STOP a ma'aunin ambato, tazarar shekara 24 kaɗai ta isa ta bar ta a baya. Ga yaron Fagge ko Rigasa kuwa, ita ce ta fi kusa da gadonsa.

Saboda haka kada ka tsaya a lambar da ke saman shafi. Buɗe maƙaloli biyar da aka fi ambata na kowannensu. Duba ina sunansa ya faɗo a jerin marubuta: a fanninmu na farko yawanci shi ya yi aikin, na ƙarshe shi ya jagoranta, na tsakiya sai ka bincika. Duba ko tambayar tasa ce, ko marasa lafiyarsa ne, da abin da ya wallafa a shekara biyar ɗin nan. Sannan ka nemi ɗaliban da suka fita daga hannunsa, ka ga ko sunayensu na zuwa a farko.

Shi kuwa farfesan da ka ce kullum yana ɗakin masu sikila, je ka zauna a asibitinsa ranar da yake ganin marasa lafiya, ka tambaye shi wace tambaya ce ke hana shi barci. In ya ba ka amsa, kuma yana da rajistar marasa lafiya da yake bi shekara da shekaru, ni dai can zan tura ka.